Tatsuniya, Kyandir da Dokar Makaranta: Yadda Jamus Ta Gina Al'adun Yaranta

A Amurka da Ingila da Kanada, inda doka ta amince wa iyaye su karantar da 'ya'yansu a gida maimakon kai su makaranta, akwai wani tsari da ya zama ruwan dare: a zaɓi ƙasa guda, a shafe mako biyu ko uku ana nazarinta. Idan layi ya zo kan Jamus, kayan darasin kusan iri ɗaya ne a kowane gida. A zana tuta mai launin baƙi da ja da ruwan zinariya, a karanta tatsuniyar Hansel da Gretel, a gasa burodin nan mai kama da ƙullin igiya, a haɗa fitilar takarda, sannan a nuna wa yara hoton ƙartai sanye da gajeren wandon fata a bikin Oktoberfest. Yaro ya tashi daga darasin yana zaton tun kaka da kakanni Jamusawa suka gaji waɗannan abubuwa.

Akwai abu biyu da ba a cika faɗa masa ba. Na farko, da a Jamus iyayensa suke zaune, da hukuma ta ci su tara saboda ƙin kai shi makaranta, domin dokar ƙasar ta haramta karatun gida. Na biyu, mafi yawan abin da ke cikin darasin ba shi da tsufan da ake zato. A ƙarni na 19 aka ƙirƙire shi ko aka sake masa fasali, kuma an san sunayen waɗanda suka yi aikin. Waɗannan abubuwa biyu tushensu ɗaya. Shekara ɗari biyu Jamusawa suka yi suna gina al'umma ta hanyar yaro, kuma tsawon lokacin ana jayayya a kan tambaya guda: tsakanin gida da hukuma, wa ke da iko da tarbiyyarsa?

Lokacin da karatun gida alamar arziki ne

Kiran a tilasta karatu tsoho ne a ƙasashen Jamusawa. A 1524 Martin Luther, malamin da ya ɓalle daga cocin Katolika, ya rubuta wa majalisun birane wasiƙa yana neman su buɗe makarantu na maza da na mata, domin a ganinsa ya kamata kowane Kirista ya iya karanta littafin addininsa da kansa. Ƙaramar masarautar Gotha ta kafa dokar karatun dole a 1642. Purushiya, masarautar da Berlin ne babban birninta, ta kafa tata a 1717, sarki Frederick na Biyu kuma ya ƙarfafa ta a 1763.

Sai dai talaka waɗannan dokoki suka fi shafa. Abin da hukuma ta nema shi ne yaro ya sami ilimi, ba ta ce lallai sai a cikin aji ba. Saboda haka mai hali yakan ɗauki malami ya ajiye a gida. Goethe, wanda ake ɗauka shi ne babban mawallafin Jamus, mahaifinsa da malaman haya ne suka karantar da shi a gidansu na Frankfurt. Aikin malamin gida kuwa shi ne mafakar matasan da suka gama jami'a ba su sami muƙami ba. Masanin falsafa Kant ya yi shi, Hegel ya yi shi a Bern da Frankfurt, mawaƙi Hölderlin ma haka. Makaranta ta ɗan manomi ce da ɗan maƙeri, ɗan babban gida kuwa malami ke zuwa ya same shi.

Kayen 1806

A wancan zamani babu ƙasa guda mai suna Jamus. Akwai ɗaruruwan masarautu da birane masu cin gashin kansu, a ƙarƙashin wata tsohuwar daula da ta rage suna kawai. A 1806 daular ta rushe saboda matsin Napoleon, kuma a watan Oktoba na shekarar ya murƙushe rundunar Purushiya a Jena da Auerstedt. Sojojin Faransa suka shiga Berlin.

Wannan kaye ya sa masana tambayar kansu abin da ya haɗa Jamusawa, tun da ba su da sarki ɗaya ko runduna ɗaya. Amsar da ta yi rinjaye ita ce harshe da al'ada. A hunturun 1807 zuwa 1808, yayin da sojojin mamaya ke sintiri a titunan Berlin, masanin falsafa Johann Gottlieb Fichte ya gabatar da jerin jawabai ga al'ummar Jamusawa. Jigon maganarsa shi ne abin da aka rasa a fagen fama ba zai dawo ba sai ta sabuwar tarbiyya da za ta game dukkan yara. Har ya ba da shawarar a raba yaran da manya na wani lokaci, don kada su gaji raunin iyayensu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a tunanin Fichte hannun hukuma ne zai yi tanƙwarar.

Wanda aka ɗora wa gyaran ilimin Purushiya a 1809 shi ne Wilhelm von Humboldt, kuma shi ya assasa Jami'ar Berlin a 1810. Shi kansa bai taɓa zama a ajin makaranta ba kafin ya shiga jami'a. A gida aka karantar da su, shi da ƙanensa Alexander, shahararren mai binciken ƙasa da tsirrai.

Tatsuniyoyin da aka yi wa kwaskwarima

A cikin wannan yanayi wasu 'yan'uwa biyu mazauna Kassel, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fara tattara tatsuniyoyi. Juzu'i na farko ya fito a ƙarshen 1812, na biyu a 1815, da suna mai ma'anar tatsuniyoyin yara da na gida. Burinsu na masana ne: adana abin da suka ɗauka tsohuwar muryar Jamusawa ce kafin ta ɓace.

Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa ba ƙauye-ƙauye suka bi suna sauraren tsofaffin manoma ba. Yawancin labaran daga bakin mata masu ilimi suka fito, waɗanda ke zaune a Kassel da kewayenta. 'Yan matan gidan Hassenpflug, da Dorothea Viehmann matar wani tela, duk suna da jinin Faransawa 'yan Furotesta da suka yi gudun hijira zuwa Jamus. Ba mamaki wasu labaran suka yi kama da na Charles Perrault, wanda ya wallafa nasa a Faris tun 1697. A bugu na biyu, na 1819, 'yan'uwan suka cire labarin kyanwar nan mai takalmi saboda asalinsa na Faransa ya fito fili.

Bugun farko bai dace da yara ba, iyaye kuma suka koka. Wilhelm ya shafe shekara fiye da arba'in yana gyara. Ya cire zancen cikin da Rapunzel ta ɗauka ba aure. A labarin yarinyar nan fara kamar ƙanƙara da wadanni bakwai, uwar da ta haife ta ce ta nemi ranta a bugun 1812, amma a 1819 aka mayar da ita kishiyar uwa. Haka aka yi wa uwar Hansel da Gretel daga baya. Ya ƙara addu'o'i da darussan biyayya da ƙwazo. A 1825 suka fitar da ƙaramin bugu mai labarai 50 da hotuna, kuma shi ne ya shiga gidaje. Kafin bugu na bakwai a 1857, littafin masana ya zama littafin tarbiyyar 'ya'yan masu matsakaicin hali.

Tafiyar labaran ba ta tsaya nan ba. Lokacin da Abubakar Imam yake rubuta *Magana Jari Ce* a Zariya a shekarun 1930, littafin Grimm yana cikin waɗanda ya tsamo labarai daga ciki, ya sa musu sarakuna da waziri da kasuwannin ƙasar Hausa. Abin da aka yi wa tatsuniyar Faransa a Kassel, shi aka yi wa ta Jamus a Zariya.

Lambun yara

Friedrich Fröbel, ɗan wani fasto a yankin Thuringia, an haife shi a 1782, mahaifiyarsa kuma ta rasu bai cika shekara ɗaya ba. Ya tashi cikin kaɗaici, ya kuma ƙare rayuwarsa yana tunanin abin da ƙaramin yaro yake buƙata. A 1837 ya buɗe wata cibiyar wasa a garin Bad Blankenburg, a 1840 ya raɗa mata suna Kindergarten, wato lambun yara: yaro tsiro ne, mai kula da shi manomi. Ya tsara kayan wasa bi da bi, daga ƙwallayen zare masu launi zuwa gumakan katako masu siffofi dabam-dabam da ake harhaɗawa, ya haɗa da waƙa da rawa da noman ɗan fili. Ya kuma horar da mata su zama malamai, a lokacin da koyarwa aikin maza ne.

Hukuma ba ta yi maraba da shi ba. Bayan an murƙushe juyin juya halin 1848, gwamnatin Purushiya ta haramta lambun yara a 1851, bisa zargin yana cusa gurguzu da rashin addini. Fröbel ya rasu a 1852, ba a ɗage haramcin ba sai 1860. A tsakanin nan 'yan gudun hijirar siyasa suka fita da tsarin waje. Bertha Ronge ta buɗe nata a Landan, ƙanwarta Margarethe Schurz kuma ta buɗe na farko a Amurka, a garin Watertown na jihar Wisconsin, a 1856. Haramcin ne ya gaggauta yaɗuwar kalmar da Turanci ya ara har yau bai fassara ta ba.

Kyandir, alawa da wandon fata

Sauran kayan darasin ma kowanne da tarihinsa. Al'adar ƙawata bishiya a lokacin Kirsimeti an san ta a yankin Alsace tun ƙarni na 16, amma a ƙarni na 19 ta zama abin kowane falo. Ta game Ingila bayan wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert, Bajamushe, da 'ya'yansu a gindin bishiyar a 1848.

Zoben kyandirori na makonni huɗu kafin Kirsimeti kuwa a gidan renon yaran talakawa aka ƙirƙire shi. Johann Hinrich Wichern, mai kula da wani irin wannan gida a Hamburg, yara sun dame shi da tambayar kwana nawa ya rage. A 1839 ya ɗauki ƙafar tsohon keken doki, ya jera ƙananan kyandirori jajaye na ranakun mako da manya huɗu farare na ranakun Lahadi, ana kunna ɗaya kowace rana. Kalandar ƙirga waɗannan kwanaki, wadda yau ake cika ta da cakulan, a farkon ƙarni na 20 aka fara buga ta, kuma Gerhard Lang na Munich ne ya shahara da ita. Kwalin nan mai siffar mazurari da ake cika wa yaro da alawa ranar da zai fara makaranta, a Saxony da Thuringia ya ɓullo a farkon ƙarni na 19. Jerin gwanon yara da fitilu na ranar 11 ga Nuwamba, don tunawa da waliyyi Martin, a ƙarshen ƙarnin ya sami tsarinsa na yanzu a yankin kogin Rhine. A 1845 wani likitan Frankfurt, Heinrich Hoffmann, ya wallafa *Struwwelpeter*, littafin hotuna da ya zana wa ɗansa ɗan shekara uku, inda tela ke datse yatsun mai tsotson yatsa, wuta kuma ta cinye mai wasa da ashana.

Oktoberfest biki ne na Bavariya, ya faro a 1810 a matsayin shagalin auren yarima Ludwig da gimbiya Therese, da sukuwar dawaki a wani fili a bakin Munich. Wandon fata kayan aikin mutanen tsaunukan kudu ne, kuma yana gab da ɓacewa lokacin da wani malamin makaranta, Josef Vogl, ya kafa ƙungiyar raya shi a ƙauyen Bayrischzell a 1883. Mutumin Hamburg ko Berlin bai taɓa ɗaukarsa tufafin kakanninsa ba.

Hukuma ta karɓi yaron

An haɗe Jamus ƙasa ɗaya a 1871, amma ɗan mai kuɗi ya ci gaba da karatu a gida ko a azuzuwan share fage na kuɗi. Jamhuriyar da aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ce ta rufe wannan ƙofa. Kundin tsarin mulkin Weimar na 1919 ya wajabta zuwa makaranta a kan kowa, dokar 1920 kuma ta kafa firamare ta shekara huɗu wadda ɗan attajiri da ɗan lebura za su zauna tare, ta soke azuzuwan share fage, ta bar karatun gida ga lalura kawai. Dalilin dimokuraɗiyya ne: ƙasar da yaranta ba su taɓa zama a benci ɗaya ba, da wuya manyanta su ɗauki juna daidai.

Sau da yawa masu fafutikar karatun gida a Amurka sukan ce Hitler ne ya haramta shi. Rabin gaskiya ce. Tushen dokar ya girmi mulkinsa, amma gwamnatinsa ce ta tsananta ta da dokar 1938, wadda ta zo da hukunci da ikon kai yaro makaranta da ƙarfi. Abin da aka gina don daidaito ya koma makami. A watan Nuwamba na 1938 aka kori yaran Yahudawa daga makarantun gwamnati. A 1939 shiga ƙungiyar matasan Hitler ya zama dole ga 'yan shekara 10 zuwa 18. Al'adun yara ma ba su tsira ba. Jam'iyyar ta yi ƙoƙarin mayar da Kirsimeti bikin tsakiyar hunturu na tsofaffin Jamusawa, ta buga tata kalandar ƙirga kwanaki, kamfanin ɗab'i na Julius Streicher kuma ya fitar da littafin hotuna na yara mai kwatanta Bayahude da guba. Kayan da Wichern da Hoffmann suka ƙera, littafin hoto da kalanda da kyandir, su aka ɗauka aka zuba musu wani saƙo.

Darasi ɗaya, fassara biyu

Bayan 1945 ƙasar ta rabu biyu, kowane ɓangare da nasa yaran. A Gabas gwamnatin gurguzu ta kafa ƙungiyar yara ta jam'iyya, kuma daga 1955 ta yaɗa bikin shigar da 'yan shekara 14 sahun manya, don ya maye gurbin na coci. Gidan talabijin ɗinta ya fara shirin *Sandmännchen* na kwanciyar barcin yara a 1959. Gwamnatin ta rushe, ƙasa ta haɗe a 1990, amma bikin da shirin suna nan har yau.

A Yamma kundin tsarin mulkin 1949, wanda shi ke aiki yanzu a duk ƙasar, ya ajiye ɓangarorin jayayyar biyu kafaɗa da kafaɗa. Sashe na 6 ya ce kula da yara da tarbiyyarsu haƙƙin iyaye ne na asali. Sashe na 7 ya sa dukkan harkar makarantu a ƙarƙashin kulawar hukuma. Jihohi 16 ke tafiyar da ilimi, kuma dukkansu sun wajabta halartar makaranta, ta gwamnati ko mai zaman kanta da aka amince da ita. Wanda ya ƙi, tara ce, a wasu jihohi har ɗauri. Makwabciyarsu Ostiriya, mai harshe ɗaya da su, ta yarda da karatun gida bisa sharaɗin jarrabawa.

A 2003 Kotun Tsarin Mulki da ke Karlsruhe ta yanke cewa al'umma na da hujjar hana wasu rukunoni ware kansu su zama al'umma a cikin al'umma, kuma makaranta ce wurin da yaro yake koyon zama da wanda ba su yi akida ɗaya ba. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ƙi rushe wannan matsayi a 2006. A 2013 jami'ai suka ɗauke yara huɗu daga wani gida a jihar Hesse, aka mayar da su bayan mako uku da iyayen suka amince su sa su makaranta, kuma a 2019 kotun ta Turai ta ce ba a tauye haƙƙin iyalin ba. Wani iyalin ya ƙaura zuwa jihar Tennessee a 2008 ya nemi mafaka. Alƙali ya ba su a 2010, kotun ɗaukaka ƙara ta soke, Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraren ƙarar a 2014, daga baya hukuma ta bar su su zauna na wucin gadi.

Ɓangarorin biyu duk da tarihin 1933 zuwa 1945 suke kafa hujja. Iyayen suna cewa wanda ya ga abin da hukuma ta yi da yara a lokacin bai kamata ya miƙa mata ɗansa ba tare da zaɓi ba. Kotuna suna cewa wanda ya ga inda ƙiyayya ga baƙo ta kai ƙasar bai kamata ya bar yaro ya tashi bai taɓa zama da baƙo ba. Malaman Jamus kansu sun nemi mafita daga cikin aji. A wani taro a garin Beutelsbach a 1976 suka amince cewa malami ba zai danne ɗalibi da ra'ayinsa ba, kuma duk abin da ake saɓani a kansa a ilimi da siyasa dole a gabatar da shi a matsayin abin saɓani.

Wannan ƙa'ida tana da amfani ga duk mai koya wa yaro al'adun Jamus, a gida ko a aji. Darasin da ya tsaya kan burodi da fitila ya ɓoye abin da ya fi daɗin sani: cewa zoben kyandir amsa ce ga tambayar yaran talakawa a Hamburg, cewa kishiyar uwar tatsuniya uwa ce kafin a gyara ta, cewa lambun yara ya taɓa zama haramtacce a ƙasar da ta haife shi. Yaron da aka faɗa wa shekara da sunan mai yi, ya fara gane cewa mutane ne ke ƙera al'ada, kuma kowa da abin da yake nema da ita.

A ƙarshen kowace bazara, yara 'yan shekara shida a faɗin Jamus sukan tsaya a ƙofar makaranta rungume da kwalin alawa, wani lokaci ya kusa kai tsayinsu. Iyaye ne suke cika kwalin, su rako yaron, su ɗauke shi hoto. Shigarsa ajin kuwa doka ce ta wajabta, tun 1919.